Ƙuri'ar Jama'a da Lambar Yabo a Duniyar Manhajojin Gina Shafin Intanet

 

Duk wanda ya taɓa neman a gina masa shafin intanet, ko na makaranta ne, ko na jarida, ko na shago, ko na wata ƙungiya, ya san akwai gaɓar da mai ginin zai ambaci sunan wata manhaja. Zai ce, "Alhaji, da WordPress za mu yi," ko ya ce Joomla, ko Drupal. In ka tambaye shi dalili, sau da yawa amsar da za ka ji ita ce, "Ai ita ce ta ɗaya a duniya, har lambar yabo ta ci." Wani lokaci ma zai buɗe maka shafin manhajar a wayarsa, ya gangara can ƙasa, ya nuna maka wani ɗan tambari mai ruwan zinare. Wannan tambarin za mu juya yau mu ga bayansa. Wa ke bayar da shi, su wa ke jefa ƙuri'ar, kuma me ya kamata ya gaya wa mai shirin kashe kuɗinsa?

Bari mu fara da abin da ake ba wa lambar. A farkon zamanin intanet, in kana son sauya ko da harafi ɗaya a shafinka, sai ka nemo wanda ya iya rubutun kwamfuta. Daga baya aka ƙirƙiro manhajojin da ake kira CMS a taƙaice, wato manhajar sarrafa abin da ke cikin shafi. Kamar shago ne: magini da kafinta sun gama aikinsu sun tafi, kantoci na nan a jere, mai shago ne da kansa yake ɗora kaya, ya sauke, ya sauya farashi, ba sai ya kira magini kullum ba. Kai ma haka za ka shiga da sunanka da kalmar sirri, ka rubuta labari, ka liƙa hoto, ka danna maɓallin wallafawa, duniya ta gani.

Uku ne suka fi yin suna a cikin waɗanda ake samu kyauta. Drupal ta fito a watan Janairun 2001, daga hannun wani ɗalibi ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Dries Buytaert. WordPress ta biyo baya a watan Mayun 2003, Matt Mullenweg na Amurka da Mike Little na Ingila ne suka fara ta. Joomla kuwa 2005 aka haife ta, kuma labarin haihuwarta za mu dawo kansa, domin a nan ne kan maganarmu yake. Dukansu ukun buɗaɗɗun manhajoji ne, suna ƙarƙashin lasisin da ake kira GPL. Ma'anarsa, kowa na da izinin ya ɗauka, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wasu. Dubban mutane ne a ƙasashe daban-daban suke aiki a kansu, da yawansu ba wanda ke biyan su ko kwabo.

To, a shekarar 2006 wani kamfanin buga littattafan kwamfuta da ke birnin Bamingham a Ingila, mai suna Packt, ya fito da gasar zaɓen gwarzuwar buɗaɗɗiyar manhajar gina shafi. Tsarin ya burge mutane. Da farko a buɗe ƙofa, kowa ya shiga shafin kamfanin ya gabatar da sunan manhajar da yake so. Biyar da suka fi samun masu gabatarwa su haye zagayen ƙarshe. Daga nan sai jama'a su jefa ƙuri'a, alƙalai masana su ma su duba manhajojin su ba da nasu hukuncin, a haɗa biyun a fitar da sakamako. A shekarar farko Joomla ce ta zo ta ɗaya, ta karɓi dala 5,000, Drupal ta biyu, Plone ta uku. A 2007 da 2008 Drupal ta riƙe kambun. A 2009 WordPress ta karɓe, a 2010 wata da ake kira CMS Made Simple ta ɗauka, sannan Joomla ta sake dawowa a 2011.

Ku ɗan tsaya a kan 2009, domin akwai abin lura. A wannan shekara masu gasar suka buɗe wani rukuni na daban don waɗanda suka taɓa lashe babbar lambar, suka tura Drupal da Joomla can su kara da juna, Drupal ta yi nasara. Wato a shekarar da WordPress ta zama zakara, manyan abokan karawarta biyu ba sa cikin filin. Shekara na zagayowa ita ma aka mayar da ita wancan rukunin na tsofaffin zakaru, ta kuma ci shi, fili ya buɗe wa CMS Made Simple. Ban faɗi wannan don in rage wa kowa daraja ba, kowacce ta yi aikin da ya cancanci yabo. Sai dai wanda ya ga tambarin kawai ba zai san da wa aka kara ba, ba zai kuma san wa aka hana shiga ba. Akwai kuma ƙananan rukunai: wadda ta fi a cikin waɗanda aka rubuta da harshen kwamfuta na PHP, wadda ta fi a cikin waɗanda ba da shi aka rubuta ba, inda Plone ta yi fice, da kuma sabuwar da ake wa kyakkyawan zato, wadda MODx ta ci a 2007, SilverStripe ta ƙasar Niyu Zilan ta ci a 2008. Saboda haka a shekara guda manhajoji huɗu ko biyar kowacce na iya rubutawa a shafinta cewa ta ci lambar yabo, kuma babu wadda ta yi ƙarya.

Shi kansa kamfanin, me ya sa ya ɗauki wannan ɗawainiya? Littattafan koyon waɗannan manhajoji yake sayarwa. Duk wanda ya je jefa ƙuri'a, shafin mai sayar da littafi ya shiga. Ni ban ga aibu a nan ba, domin kuɗin kyautar ya shiga asusun ayyukan sa-kai da ke buƙatarsa, kuma kamfanin kan ware musu wani kaso daga cinikin littattafan da ya buga a kansu. Amma ya kamata mai sauraro ya riƙe cewa kowace gasa tana da mai ita, kuma mai ita yana da abin da yake nema. Packt ta daɗe da daina shirya wannan gasa. Wadda ta fi tashe bayanta ita ce ta shafin CMS Critic, wanda wani ɗan Kanada, Mike Johnston, ya kafa, inda ake da zaɓin jama'a, kuma Joomla ta sha lashe rukunin manhajar kyauta a can.

Yanzu mu shiga cikin rumfar zaɓen mu ga yadda abin yake. Idan lokacin gasa ya zo, shugabannin kowace manhaja sukan yi shela a shafinsu da zaurukan sada zumunta, su ce wa mabiyansu ga adireshi nan, a je a zaɓe mu. Mai zaɓe ya danna, ya tarar da jerin sunaye biyar ko shida, ya taɓa ɗan da'irar da ke gefen wanda ya sani, wataƙila ya rubuta adireshin imel ɗinsa, ya aika. Bai wuce minti ɗaya ba. Ba wanda zai tambaye shi ko ya taɓa buɗe sauran huɗun. Mafi yawan masu zaɓen manhaja guda suka iya, da ita suke neman abinci, sun ɓata shekaru suna koyon lungu da saƙonta. Yaya za a yi su zaɓi wata? Don haka abin da ƙuri'ar take ƙirgawa shi ne yawan mutanen da ke bayan manhaja, da zafin kishinsu, da yadda shugabanninsu suka iya tara su. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji masu iya magana, kuma a irin wannan zaɓe haka abin yake.

Wani zai ce, ke nan ƙuri'ar ba ta da amfani. A'a, ina ganin tana da shi, kuma babba ne, muddin an san me take aunawa. Labarin Mambo ne zai nuna mana.

Mambo manhaja ce da wani kamfani mai suna Miro da ke Melbon a Ostireliya ya fara, ya kuma buɗe ta ga jama'a. Ta yi suna ƙwarai, masu sa-kai suka rungume ta suka haɓaka ta, har a 2005 ta karɓi lambobin yabo a taron LinuxWorld na Amurka. A cikin wannan shekarar dai, a watan Agusta, saɓani ya ɓarke. Kamfanin ya kafa wata gidauniya da za ta riƙa jan ragamar manhajar, su kuma masu rubuta ta, ƙarƙashin jagorancin Andrew Eddie, suka ga an tsara abin ba tare da an ba su bakin magana ba. Sai gaba ɗayansu suka tattara nasu ya nasu suka fice. Da yake lasisin ya ba su izini, suka ɗauki rubutun manhajar suka ci gaba da shi a ƙarƙashin sabon suna, suka kafa ƙungiyar Open Source Matters, a watan Satumba suka fitar da Joomla ta farko. Masu amfani da Mambo suka bi su, masu ƙera mata ƙarin kayan aiki suka bi su, masu amsa tambayoyin sababbin shiga su ma suka bi su. Lambobin yabon suka zauna a wuyan Mambo, domin da sunanta aka rubuta su. Shekara guda bayan haka Joomla ta lashe gasar Packt, ita kuwa Mambo tun 2008 ba ta sake fitar da sabon zubi ba. Wanda ya zo a ƙarshen 2005 ya dubi tambari ya gina shafinsa da Mambo, ya hau abin da masu tuƙa shi suka riga suka sauka.

Kun ga ke nan, a buɗaɗɗiyar manhaja jama'ar ce dukiyar. Su ne ke gano ɓaraka su toshe, su ne ke fassara ta zuwa harsuna, su ne ke rubuta littafin koyo, su ne za su amsa maka idan shafinka ya tsaya cak da tsakar dare. Ƙuri'ar da aka kaɗa bana tana gaya maka cewa bana akwai mutane a gidan, suna raye, suna da kishin da zai tashe su su je su danna maɓalli. Wannan labari ne mai daraja. Ƙuri'ar da aka kaɗa shekara goma sha biyar da suka wuce kuwa, labarin mutanen wancan lokacin take ba ka, kuma ana iya samun sun watse.

Ga wani misali na ranar da jama'a ke yin rana. Ranar 15 ga Oktoban 2014, ƙungiyar tsaron Drupal ta ba da sanarwar wata mummunar kafa a zubi na 7, wadda mai kutse zai iya bi ya ƙwace shafi gaba ɗaya ba tare da kalmar sirri ba. Tare da sanarwar suka fitar da gyara. Cikin 'yan sa'o'i masu kutse suka saki manhajojinsu suna bin shafuka ɗaya bayan ɗaya. Mako biyu bayan haka ƙungiyar ta sake fitowa ta faɗi magana mai ɗaci: duk shafin da bai ɗora gyaran ba cikin sa'o'i bakwai da sanarwar farko, mai shi ya ɗauka an riga an shiga masa. Wannan fa manhaja ce da ta ci babbar lambar yabo sau biyu a jere, kuma wadda fadar shugaban Amurka ta White House ta gina shafinta da ita tun 2009. Lambar ba ta hana kafar samuwa ba. Abin da ya ceci waɗanda suka tsira shi ne akwai mutanen da suka zauna suka rubuta gyaran, suka faɗi gaskiya ba ɓoye-ɓoye, sannan akwai wani a wajen mai shafin da ke farke ya ɗora shi a kan lokaci. Ni a wurina, yadda Drupal ta fito ta faɗi waccan magana ya fi kowane kambu nuna ingancin mutanenta.

Sai batun maguɗi, wanda duk zaɓen intanet ke fama da shi. Mutum ɗaya na iya buɗe imel goma, ko ya rubuta 'yar manhajar da za ta yi ta jefa ƙuri'a yana barci. A 2009 mujallar Time ta Amurka ta buɗe zaɓen mutumin da ya fi tasiri a duniya, wasu matasa suka yi wa zaɓen taron dangi da irin waɗannan manhajoji, suka ɗora Christopher Poole, wanda ya kafa shafin 4chan, a saman jerin. Ba su tsaya nan ba, har suka jera sunaye 21 na farko ta yadda haruffan farkonsu za su haɗu su ba da wata jimla da suka shirya. In har mujalla mai wannan girma za a yi wa haka, to ƙananan gasanni dole su yi taka-tsantsan. Shi ya sa wasu ke neman a tabbatar da imel, wasu ke tace ƙuri'un da suka fito daga na'ura guda, wasu kuma, kamar Packt, suke gauraya ƙuri'ar jama'a da hukuncin alƙalai.

Su ma alƙalan suna da iyakarsu. Mutum uku ko biyar ne za su saka manhaja a kwamfutarsu, su gwada ta na ɗan lokaci, su ba da maki. Sun fi mai zaɓe sanin sauran 'yan takara, amma ba su zauna da manhajar shekara uku suna ɗora labari kullum ba. Wasu gasannin kuma sai ka biya kuɗin shiga kafin a dube ka, kamar yadda ake yi a gasar Webby ta shafukan intanet, wanda hakan kan bar marasa asusu a waje. Manyan kamfanonin nazari irin su Gartner, waɗanda bankuna da ma'aikatu ke karanta rahotonsu kafin su sayi manhaja, sukan sa sharaɗin yawan cinikin da kamfani ke yi kafin ya shiga jerinsu. Aikin sa-kai da ba ya sayar da komai ba zai cika wannan sharaɗi ba, komai kyansa.

Akwai kuma wata ƙidayar da ba a yi mata biki. Kamfanin W3Techs yana bin miliyoyin shafuka yana duba da wace manhaja aka gina su. A lissafinsa na 'yan shekarun nan, sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kan WordPress suke, su kuwa Joomla da Drupal kowacce ba ta wuce kashi biyu ba. Joomla na iya cin zaɓen jama'a, WordPress kuma ta ci kasuwa, duka biyun gaskiya ne, abin da ake aunawa ne ya bambanta. Hatta shafin White House ya koma WordPress a ƙarshen 2017. Yawan nan ma yana da nasa nauyin: masu kutse sun fi kai farmaki inda jama'a suka taru, kuma mafi yawan kafofin da ake ganowa a shafukan WordPress a cikin ƙananan manhajojin da ake jona mata suke, waɗanda a rumbunta kawai sun haura 50,000, wasu masu su sun daɗe da yin watsi da su.

To mu fa, ina muke a cikin wannan lissafi? Da Turanci ake shelar waɗannan gasanni, kuma tambayoyin da ke damun mai shafin Hausa ba sa cikin takardar zaɓen. Ga abin da nake nufi. Ka zaɓi kyakkyawar rigar shafi, wato zanen da ke ba shafi kamanninsa, wadda ta sha yabo, ka rubuta kanun labari da kalmomi irin su ƙasa, ɗalibai, ɓarawo. Ka wallafa, ka buɗe a waya, sai ka ga duk haruffan sun fito da fasali guda mai kyau, amma ƙ da ɗ da ɓ sun fito da wani fasali daban, sirara ko karkatattu, a wata tsohuwar wayar ma ɗan akwati za ka gani a gurbinsu. Dalili shi ne wanda ya zana haruffan rigar bai saka masu lanƙwasa ba. Mai karatu a Damagaram ko Maraɗi, inda ake rubuta ƴ mai ƙugiya, shi ma haka zai gani. Ga kuma nauyin shafi: rigar da ke buɗewa cikin ƙiftawar ido a ofishin da ke da intanet mai ƙarfi, a ƙauyen da sabis ke sanda ɗaya tana iya cinye wa mai karatu data kafin ya ga layin farko. Wannan gwaji kai za ka yi shi da hannunka, gani ya kori ji.

Saboda haka idan mai gina shafi ya nuna miki tambari, Hajiya, ki tambaye shi wace shekara aka ba da shi, wa ya bayar, kuma a wane rukuni. Sannan ki ce ya buɗe miki shafin da manhajar ke sanar da sababbin zubinta, ki dubi kwanan watan na ƙarshe. In watanni kaɗan ne, akwai masu gadi. In shekaru ne, ki ja da baya. Ki kuma tambayi wane zubi zai saka miki, domin suna ɗaya na iya ɗaukar tsoho da sabo. Joomla ta daina kula da zubinta na 3 tun watan Agustan 2023, Drupal kuma ta rufe littafin zubi na 7 ranar 5 ga Janairun 2025. Duk wanda ya saka miki ɗaya daga cikin waɗannan yau, ya ba ki ƙofar da masu ita suka daina gyara wa sakata, ko da tambari goma ne a jikinta. Tambaya mafi nauyi kuwa ita ce wa zai riƙa sabunta shafin bayan an gama biyan kuɗin gini, kuma in shi mai ginin ya yi tafiya, mutum nawa ne a garinku suka iya wannan manhajar. A rubuta wannan a cikin yarjejeniya, tare da sharaɗin cewa kalmar sirri da rajistar sunan shafin suna hannun mai shafi.

Ku kuma matasanmu masu wannan sana'a, ina da roƙo gare ku. Idan saƙon neman ƙuri'a ya iso muku daga manhajar da kuke cin abinci da ita, ku je ku zaɓa, hakkinku ne, kuma masu sa-kan da suka yi muku aiki kyauta sun cancanci wannan ƙarfafa gwiwa. Amma ƙuri'a ɗaya ga mutum ɗaya, kuma kada a tura adireshin zuwa zauren dangi na WhatsApp a ce kowa ya danna alhali ba su san me suke zaɓa ba, domin wani ne can zai dubi sakamakon ya yanke shawara da kuɗinsa. Kafin ku zaɓa, ku ware yammaci guda ku saka ɗaya daga cikin sauran 'yan takarar a kwamfutarku, tunda kyauta ne, ku ga me ta iya da taku ba ta iya ba. In kuma kuna son yi wa manhajar hidimar da ta fi ƙuri'a daɗewa, WordPress da Joomla da Drupal duk suna da dandalin fassara da kowa zai iya shiga ya ba da gudummawa, layi bayan layi, kuma masu jin Hausa ne kaɗai za su iya mayar da waɗannan maɓallai zuwa Hausa.